Tauraron da Yaya Ya Tafi da Lambarsa

Mai rayuka ya karɓi na yayana ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gidansa na unguwar Limawa a Dutse, yana kishingiɗe a kan buzu, tabarau ɗaure a goshi. Allah Ya yi masa rahama. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni nake bi masa. Ban yi boko ba, allo ma izu biyu na yi. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Kwana uku gidan bai huta da takalma ba. A waje, ƙarƙashin rumfa, tsofaffin ɗalibansa ne suka fi yawa, wasunsu furfura ta rufe su fiye da shi. Ta katanga nake jiyo su. Wani ya ce Malam ya taɓa sa shi maimaita lissafi guda sau goma sha ɗaya, ba don amsar ta ɓaci ba, sai don ya tsallake layi ɗaya a hanya. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki, aka koma addu'a.

A cikin gida kuwa, wajenmu mata, wata magana ce daban take yawo. Mace za ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta ce Allah Ya ji ƙansa, sannan ta rage murya ta ƙara da cewa Allah Ya yafe masa abin da ya shiga da tsufa. Wata ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena, ta tambaye ni ko ya bar mini wani abu daga cikin abin nasa. Wata daga garinmu Miga ta rantse shi yake gaya wa manoma ranar da ruwa zai sauka, alhali Yaya bai taɓa faɗin haka ba. Ina ji, ina amsawa da amin, ban musa wa kowa ba. Masu yabonsa a waje ba su san abin da ya cinye masa shekarunsa na ƙarshe ba, masu raɗa a ciki sun sani amma a karkace. Shi ya sa nake wannan magana.

Mahaifinmu malamin allo ne a Miga. Mu uku muka rayu a ɗakin Inna: Yaya, ni, sai ƙanenmu wanda yanzu yake limanci a wani masallaci a Yalwawa, kowa yana ce masa Liman har ni. Da aka zo neman yaro ɗaya daga kowane gida don makarantar boko, Baba ya ba da Yaya, ya ce shi ne mai taurin kan da ba za a juya shi ba. Ya yi karatu, ya zama malamin lissafi, ya koyar shekara talatin da wani abu. Amma lambobin da ya fara koya a hannun Baba, na Larabci, su hannunsa ya riƙe. A allon makaranta yana rubuta na boko, in ya dawo gida zai yi lissafin kansa sai ya koma na Baba, kuma ba ya buɗe sabon shafi bai rubuta bisimilla a samansa ba.

Maganarsa ɗaya ce tun yana saurayi: a sake dubawa. In ka ce masa an rufe ƙofa, a sake dubawa. In na ce na sa gishiri a miya, a sake dubawa. Ranar da aka zo masa da albishir an haifa masa ɗan fari namiji, sai da ya buɗe baki zai faɗa, Inna ta harare shi ya haɗiye.

Da maigidana ya rasu, ranar da na fita takaba, Yaya ya zo Miga da kansa da motar haya. Lokacin matarsa ta yi shekara biyu da rasuwa, 'ya'yansa duk sun watse garuruwan aiki. Bai ce mini in zo ya riƙe ni ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mai daddawa, tattara kayanki. Daddawar Dutse ba ta da daɗi, na gaji da cin miya salam." Na san tun muna yara Yaya ba ya son daddawa, in Inna ta shanya ta barin gidan yake yi. Na sani, shi ma ya san na sani. Shekara tara na yi a gidansa ina sa masa ita a miya, yana ci yana yabawa, ba wanda ya tona wani.

Babban ɗansa ne ya saya masa kwamfuta, ya sa masa sola a kan rufi, don ya riƙa ganin jikokinsa suna magana. Ba a yi wata uku ba Yaya ya samo wani aiki a cikinta. Daga walaha zuwa azahar yana zaune yana kallon wani layi mai karkarwa kamar zaren da kaza ta taka. Ba hoto, ba waƙa, ba mutum. Wata rana na kai masa kunu, na ce, Yaya, wai me kake nema a cikin zaren nan?

Ya ce in rufe taga. Na rufe. Ya kunna tocila ya kafa ta a kan tebur tana kallona, ya ce in je lungu in zauna. Ya ɗaure ƙwayar wake da zare, ya riƙa zagaya ta da tocilar a hankali. Duk sanda waken ya gitta tsakanina da hasken, sai hasken ya ɗan dushe ya dawo. Ya cire waken ya ɗaura goro, dushewar ta ƙaru.

Ya ce taurarin nan da muke gani, kowanne rana ce irin tamu, nisa ne ya ƙanƙanta su. Da yawansu suna da duniyoyi masu zagaya su kamar yadda tamu take zagaya rana. Ba a ganin duniyoyin, hasken uwarsu ya shanye su. Amma akwai madubin hangen nesa da aka harba sama, aikinsa ke nan ya auna hasken taurari dare da rana, kuma abin da ya auna an zuba shi a fili, duk mai haƙuri ya ɗiba ya duba. Zaren nan hasken tauraro guda ne. In ya ɗan lotsa ƙasa na 'yan sa'o'i ya koma daidai, to wataƙila wani abu ya gitta. Zurfin lotsawar shi ke nuna girman abin, wake ne ko goro. Tazarar da ke tsakanin gittawa da gittawa ita ce shekararta, daga nan a san kusancinta da tauraron, a san ƙuna ce ko sanyi.

Na ce, nauyinta fa, tunda ba a ɗora ta a sikeli ba? Ya ji daɗin tambayar har ya cire tabarau. Ya ce in na kama hannun jikata ina juya ta a tsakar gida, ni ma ba na tangaɗi? Na ce ina yi. Ya ce to tauraron ma yana yi, manyan madubai suna iya ganin tangaɗinsa, in ya yi yawa an san 'yar tana da nauyi. Har iskar duniyar ana iya sanin irinta, domin hasken da ya ratsa ta yana fitowa da alamarta, kamar ruwan da na tace ta cikin toka. Wannan na gane shi sarai.

Na tambaye shi ko akwai mutane a can. Ya ce, "Ban sani ba. Inuwa kawai na gani, ita ma ban gama yarda da ita ba."

Shekara biyu ya yi yana duba zaruruwa bai sami komai ba sai abin da wasu suka riga shi gani. Sai wata rana ya ƙi fitowa cin abincin rana. Ya ga lotsawa guda a wani tauraro na gefen kudu, wanda ido ba ya gani, ba shi da suna sai doguwar lamba. Ya koma cikin awon shekarun baya, ya tono wata lotsawar mai zurfi iri ɗaya da faɗi iri ɗaya. Biyu ke nan. Ya ce ɗaya tana iya zama tuntuɓen na'ura, biyu tana iya zama dace, sai an ga ta uku a ranar da aka ce za ta zo kafin a kira ta duniya. Matsalar, madubin na sama ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata guda yake kallon yanki ya juya. Tsakanin biyun nan ta yiwu ta gitta sau da yawa ba mai kallo. Don haka sai ya zauna ya fitar da duk ranakun da za su iya zama, ya riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya. Littafi bakwai ya cika, irin na 'yan makaranta, kowane shafi an ja masa layi tsaye da kwance, gida-gida, kowane gida da lamba. Ya ce mini in lissafinsa ya yi daidai, duniyar ta ninka tamu biyu da ɗan ɗori, kuma ba ta matse tauraronta sosai ba.

A nan nawa laifin ya shigo, ba zan ɓoye shi ba. An yi suna a maƙwabta, mata suna tsokanata wai yayana ya tsufa ya koma hira da talabijin marar hoto. Raina ya sosu. Na ɗaga murya na ce yayana yana ganin duniyoyin da ba wanda ya taɓa gani, har ranar da za su wuce yana lissafawa tun kafin ta zo. Na faɗa ne don su ji kunya. Sai na ga suna kallon juna.

Ba a yi mako ba wata ta zo da ƙwarya a lulluɓe, wai akuyarta ta ɓata, Malam ya duba mata. Ya ba ta haƙuri ya ce ta tambayi masu kiwo. Bayanta wani mai neman takarar kansila ya zo da rago har zaure. Wannan kam Yaya ya kore shi, shi da ragon, har da sanda. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe cewa aka yi ba ya yi wa ƙananan mutane aiki ne, sai manya daga nesa ta cikin na'ura.

Maganar ta kai Yalwawa. Wata Juma'a bayan an sauko, Liman ya zo da mutum biyu daga masallacinsa. Ina tsakar gida ina tsince wake, ƙofar ɗakin a buɗe. Ya gaida Yaya a durƙushe kamar kullum, sannan idonsa ya faɗa kan littafin da ke buɗe. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yaya, wannan ai hatimi ne."

Yaya ya ce, "Jadawali ne, Liman. Zauna in nuna maka."

Bai zauna ba. Ya ce gida-gida da lambobin Larabci da bisimilla a sama, ya san abin da ya gani, kuma Yaya ya tuna Baba ya taɓa korar ɗalibi daga Miga a kan irin wannan. Ya ce sunan gidanmu ne a bakin mutane, shi kuma kullum yana kan mumbari yana hana zuwa wajen masu duba. Yaya ya ce shi bai ce tauraro zai aurar da kowa ko ya kashe kowa ba, haskensa yake aunawa kamar yadda ake auna gero da tiya. Liman ya ce amma yana faɗin ranar da abu zai faru kafin ya faru.

Yaya ya ce, "Kai ma lokacin fitowar ranar gobe yana manne a bangon masallacinka. Duba ka yi?"

Da ya tsaya a nan, da wataƙila an zauna. Amma Yaya yana da harshe, in ya ga ya yi nasara ba ya iya mayar da shi. Ya ƙara da cewa mutumin da ya kasa raba gadon gona uku sai da aka yi masa lissafi a bayan takarda, ba shi zai koya masa bambancin hatimi da jadawali ba. A gaban mutanensa ya faɗa. Liman ya juya. Ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Yaya," ya sa takalmi. Daga ranar sai gaisuwar Sallah, ita ma a tsaye. Na yi wa Yaya faɗa, ya ce gaskiya ya faɗa. Na ce na sani, ita ce ta yi ciwon.

Akwai wata tsohuwar ɗalibarsa da ta zama malamar jami'a, ita ma harkar sama take karantarwa. Ita kaɗai yake wa zancen a waya. Ina jinta tana roƙonsa ya turo mata lambar tauraron da lissafin, ta san waɗanda za su juya babban madubi su jira ranar. Kullum amsarsa ɗaya, saura kaɗan, zai sake dubawa. Na ce masa, Yaya, ka ba ta mana. Ya ce tsoho ne shi, malamin sakandare mai ritaya daga Dutse. In ya sa masana suka kwana suna jiran inuwa ba ta zo ba, ba shi kaɗai za a yi wa dariya ba, har yarinyar da ta tsaya masa. Ban taɓa jin Yaya ya ambaci tsoron dariya ba sai ranar.

Ranar da ya gama soke ranakun nan ya bar guda, ni ya gaya wa, don ni ce a gidan. Ya ce Alhamis ce, tara ga watan azumin tsofaffi, ko goma in an yi saɓanin ganin wata, amma Alhamis ɗin ba ta motsi. Za ta fara shiga gaban tauraron da hantsinmu, ta fita wajen la'asar. A lokacin can bayan teku, inda manyan madubai suke, dare ne. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce akwai sauran wata biyar, zai bi lissafin daga farko sau ɗaya tak, sannan ya aika. Ya kai littafi na huɗu ajali ya riske shi.

Washegarin sadakar uku, ina bayan gida da sauran baƙin da ba su tafi ba, sai na ji ƙaurin takarda. Na fito na tarar da Liman tsugune a gindin katanga, babban ɗan Yaya tsaye a kansa. Littattafan Yaya ne, amma ba a juji ya ƙona su ba. Sabon kasko ya sayo, ya yi alwala, yana yago shafi ɗaya-ɗaya yana sa wa wuta saboda sunan Allah da ke samansu, ya kuma riga ya haƙa ramin da zai binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Saura bango biyu a hannunsa lokacin da na iso.

Na ce, "Liman, me ka yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na rufa wa Yaya asiri ne. Gobe za a shigo rabon kaya, kowa ya gani. Kuma ba na so a tambaye shi a kabari a kan abin da nake da ikon kawarwa."

Na ce ba duba ba ne, wallahi ba duba ba ne, na gani da idona, wake ne da tocila. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar ta mai taɓin hankali. Ɗan Yaya ya ce, Gwaggo ki yi haƙuri, ki koma ciki. Liman ya ɗago, idonsa ja, ban sani ba hayaƙi ne ko kuka.

Ya ce, "Ke da bakinki kika faɗa a gidan suna."

Na tsaya har ya gama, ya juye tokar, ya mayar da ƙasa ya daddanna da tafin hannu. Kwamfutar kuwa ɗan Yaya ya tafi da ita Kano, ya kai aka wanke cikinta tas, ya ba 'yarsa ta yi karatu da ita. Shi ma a ganinsa alheri ya yi wa mahaifinsa.

Malamar jami'ar ba ta ƙasar lokacin rasuwar, sai ranar arba'in ta zo. Mace ce mai sanyin murya. Ta zauna a tabarmata ta yi kuka sosai, ta ce Malam ne ya je har gidansu ya roƙi mahaifinta a bar ta ta ci gaba da karatu. Da ta share ido ta ce, Inna, ina littattafansa? Na aika aka kira Liman da ɗan Yaya daga rumfa, na ce su su ba ta amsa.

Liman ya faɗa mata, bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe wayarta ta nuna masa irin jadawalin, gida-gida, na wasu duniyoyin da aka riga aka tabbatar, ta ce sun kai dubbai. Ya karɓi wayar ya riƙe da hannu biyu. Ya yi mata tambayoyi masu yawa, irin na mai neman inda zai kama, tana ba shi amsa a hankali: wannan gidan ranar gittawa ne, wannan zurfin dushewa, wannan tsawon sa'o'i. Ya tambaye ta ko ana neman sanin rabon wani ko ajalinsa da wannan. Ta ce a'a, Liman, ko kusa. Ya miƙa mata wayar. Can ya ce, "Ba a iya dawo da lissafin?"

Ta juyo wajena. Na ce ni na san ranar, na faɗa mata, Alhamis, hantsi zuwa la'asar. Fuskarta ta ɗan washe, ta ce lambar tauraron fa? Na sha jin Yaya yana gunguninta yana rubutu, amma doguwa ce, ni kuma ban ɗauka tawa ce in riƙe ba. Na ce kamar da biyu ta fara, akwai bakwai a ciki. Ta ce wane gefe? Na nuna mata saman tankin ruwan maƙwabta, inda ya taɓa nuna mini da sanda. Ta bi hannuna da kallo, ta sunkuyar da kai. Ta ce taurarin da aka auna a wannan gefen sun fi ƙarfin a bi su ɗaya-ɗaya kafin ranar, kuma ba wanda zai ba da babban madubi a ce masa ya kalli kudu kawai. Ta ce za ta gwada duk da haka.

Na tambaye ta ko wani zai iya gano duniyar wata rana. Ta ce zai yiwu, in da gaske tana nan. Amma ba za mu san ita ce ba, kuma ba za a ambaci Malam ba.

Ta gwada. Ta sa aka bincika kwamfutar, ba a sami komai ba. Ta nemi ko ya taɓa aika wa wani, bai aika ba. Saura mako biyu ta kira ni ta ce, Inna, ki yafe mini, ban sami tauraron ba. Na ce ba ke za a yafe wa ba.

Alhamis ɗin ta zo, tara ga wata, ba a yi saɓani ba. Na idar da walaha na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ban ɗora tukunya ba. Sai na ji sallama. Liman ne, shi kaɗai, ba wanda ya aika masa. Rabonsa da gidan tun arba'in. Ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarmar, nesa da gindin katangar nan, ya ba ta baya.

Ya ce, "Ta fara?"

Na ce a faɗar Yaya, yanzu take shiga.

Ya ɗaga kai. Sama fari fat, rana tana dukan kwano, ko tsuntsu babu. Ya sauke kai ya ciro carbi, amma ban ga yana ja ba. Muka zauna. Mai tallan ruwa ya wuce, awakin maƙwabta suka shigo suka fita. Da aka kira azahar ya je masallacin unguwa ya bi wani liman, ya dawo ya zauna inda ya tashi. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce ranar nan da Yaya ya ce ya zauna ya nuna masa, da ya zauna. Na ce da ni ma na yi shiru a gidan suna. Ba wanda ya ba wani haƙuri.

Inuwar katanga ta miƙe har ta taɓa tabarmar. Ladan ya kira la'asar.

Ya ce, "Ta wuce ke nan?"

Na ce, "In akwai ta, ta wuce."

"Yaushe za ta dawo?"

Na ce wannan yana cikin littafi na bakwai.

Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya nemi takalminsa da ƙafa, ya fita bai yi mini sallama ba, ni ma ban raka shi ba.

Ban san ko Yaya ya yi daidai ba. Shi ma bai sani ba, kuma yanzu ba mai sake dubawa. Ni na kusa, Liman ma ba yaro ba ne, in muka tafi ko Alhamis ɗin ba wanda zai tuna. Wanda ya karanta wannan, in ya ji ana cewa malamin lissafi na Limawa ya mutu yana duba, ya ce ƙanwarsa ta ce awo yake yi. Allah Ya haskaka masa makwanci, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya yafe wa wanda ya hura wutar da wadda ta fara maganar.